Ku yi wa motarku rajista, amma ku bar mana titi

Asabar ɗin da ta wuce wani ƙanina ya ja ni taron matasa masu koyon harkar kwamfuta, irin tarukan nan da ake raba ruwan leda da mitfai a yi hoto a watse. Ni rakiya kawai na je, ban yi niyyar buɗe baki ba. Sai mai jawabi, wani ɗan boko da kwat a cikin wannan zafin, ya miƙe ya ce wai abin da ya sa Turawa suka yi mana nisa shi ne ba sa barin komai a sake, duk abin da suka ƙirƙiro sai sun yi masa rajista sun kulle, har ya ce intanet ɗin nan da muke hawa kowane lungu nasa da mai shi, kuma da ba don haka ba da ba a gina shi ba. Aka tafa masa sosai.

Na koma gida maganar tana ci na. Rabinta gaskiya ne, amma ɗaya rabin ba haka yake ba, kuma yaran da suka tafa da rabin da ba daidai ba suka tafi gida.

Abin da yake magana a kai shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda 'yan boko ke ce wa fatent (ba faten tsaki ba, kar wani ya ɗauko cokali). Gwamnati ce ke ba ka, ta ce tunda kai ka fara gano wannan dabarar, shekara 20 ba mai amfani da ita sai da izininka, kai kuma ka bayyana wa duniya yadda take aiki. Ni ba na faɗa da wannan tsarin gaba ɗayansa. Ra'ayina ɗaya ne kuma gara in faɗa tun yanzu: duk ƙa'idar da dole ne kowace na'ura ta bi kafin ta iya magana da 'yar'uwarta, bai kamata a kulle ta ba. Ka ƙera mota mai kyau ka yi mata rajista ka sayar da tsadar da kake so, Allah ya ba da kasuwa. Amma titin da kowa zai bi, kar ka sa masa shinge.

Wai yaya ma saƙo ke isa lafiya?

Ka ɗauka kana Dawanau za ka aika buhu 100 na masara Legas, kuma ba ka yarda da mota ɗaya ba. Sai ka rubuta lamba a kowane buhu, ka rarraba a motoci daban-daban, wata ta bi ta Jebba wata ta bi ta Lokoja. Yaronka na can yana ƙirgawa, in ya ga na 37 bai iso ba ya kira ka, ka sake tura wani. In an ce hanya ta cushe ka rage yawan motocin da kake saki. To haka intanet ke yi da hoton da ka tura wa matarka a WhatsApp, yanka shi ake yi gutsi-gutsi, kowane gutsure da lambarsa, na can ya ce ya iso ko bai iso ba, a sake turo wanda ya ɓata.

Wannan tsarin shi ne TCP/IP. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka buga bayaninsa a watan Mayun 1974, da kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka aka yi aikin, kuma ranar 1 ga Janairun 1983 duk kwamfutocin ARPANET, wato kakan intanet ɗin yau, suka koma kansa. Mutanen nan biyu ba su yi masa rajistar mallaka ba. Kowa ya ɗauka ya karanta ya gina nasa, ba ka neman izinin kowa.

Kuma fa ba wai a lokacin babu masu kulle nasu ba ne. IBM na da nata tsarin mai suna SNA, kamfanin DEC na da DECnet, Novell na da IPX, Apple ma na da AppleTalk. Manyan kamfanoni ne masu kuɗi da injiniyoyi, kowanne ya gina gidansa ya zagaye da katanga, kwamfutar wannan ba ta jin yaren ta wancan sai an sha wahala. Yau ka tambayi yaran da ke gyaran waya a Farm Centre ko sun taɓa jin AppleTalk. Wanda aka bari a buɗe shi ya cinye su duka.

Akwai wani labarin da na fi so ma. A watan Oktoban 1986 intanet ɗin wancan zamanin ya shaƙe, tsakanin wani ɗakin bincike da jami'ar Berkeley da ke maƙwabtaka da shi gudun saƙo ya faɗo daga ɗigon bayanai (bit) dubu 32 a daƙiƙa zuwa 40 kacal. Kowace kwamfuta in ta ga saƙonta bai isa ba sai ta ƙara turawa, kamar direbobin da suka tarar da go-sulo kowa ya buɗe sabon layi, sai abin ya ƙara cakuɗewa. Wani mai suna Van Jacobson ya zauna ya gano maganin, wato kowace kwamfuta ta fara a hankali, in ta ga alamar cunkoso ta ja baya, ya buga a 1988, aka sa a cikin manhajar da jami'o'i ke rabawa. Yanzu ka yi tunani da ya ce sai an biya shi. Maganin cunkoso ba ya aiki sai kowa ya sha, in rabin direbobi sun bi layi rabi sun ƙi, ai ba inda za a je.

Haka ma yanar gizo. A farkon 1993 akwai wani tsari mai suna Gopher na jami'ar Minnesota da ke tashe, sai jami'ar ta sanar za ta fara karɓar kuɗin lasisi daga masu kasuwanci da shi. Mutane suka tsorata. Ranar 30 ga Afrilun wannan shekarar cibiyar CERN da ke Siwizalan ta ce ta saki tsarin yanar gizo (www) da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro kyauta ga kowa. Sauran labarin yana aljihunka.

"To wanda ya sha wahala ya ci me?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Bincike kuɗi yake ci. Cerf da Kahn albashinsu na tafiya, gwamnati ce ta ɗauki nauyi, ba kowa ke da wannan gatan ba.

Misalin da masu wannan ra'ayin suka fi kawowa shi ne na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Ostireliya. Masananta, ciki har da John O'Sullivan wanda asalinsa mai nazarin sararin samaniya ne da na'urar rediyo, sun gano yadda za a magance amsa-kuwwar da siginar rediyo ke yi a cikin ɗaki, tana dukan bango tana dawowa tana rikita saƙo. Sun samu takardar mallaka a Amurka a 1996. Dabarar ta shiga cikin Wi-Fi, kamfanoni suka yi ta sayar da kaya ba su biya ba, aka shiga kotu, a 2009 da 2012 aka yi sulhu, hukumar ta samu sama da dala miliyan 400 na kuɗin ƙasarsu. Ni ban ga laifinsu ba, gumi suka yi, kuma kuɗin hukumar bincike ya koma.

Amma ka lura inda rigimar ta taso. Ta taso ne saboda dabarar ta riga ta zama wani ɓangare na ƙa'idar da kowa ke bi, ba yadda za ka ƙera Wi-Fi ka kauce mata. Da tun ranar da ake zaman tsara ƙa'idar an ajiye farashi a kan tebur kowa ya gani, wanda ya yarda ya shiga wanda bai yarda ba a nemi wata hanya, da ba a yi shekaru ana ciyar da lauyoyi ba.

Kuma akwai wanda ya riƙe takardar mallaka ya yi abin da ya dace da ita. Kamfanin Xerox ya samu ta Ethernet a 1977, wato tsarin wayar nan mai kan roba da ake cusawa a bayan kwamfuta a ofisoshi da kafe. A 1980 suka haɗa kai da DEC da Intel suka fitar da bayaninsa fili, lasisin ma kuɗi kaɗan suka sa masa. Bob Metcalfe da ya ƙirƙiro shi ya fita ya kafa kamfanin 3Com ya yi arziki da sayar da kayan Ethernet ɗin. Bai mutu da yunwa ba. Mai sayar da mudu a kasuwa yana cin abinci da ƙera mudu mai kyau, ba da hana mutane awo ba.

"Ai shekara 20 ce kawai"

Kawai? A 2001 aka fara GSM a Najeriya. Ka tuna layin da ake saya dubu ashirin da wani abu, da wayar da ba ta yin komai sai kira da wasan maciji. Daga nan zuwa 2021 shekara 20 ke nan. A harkar magani ko injin noma wataƙila shekara 20 ba komai ba ce, a harkar sadarwa kuwa tsara huɗu ce ta waya. Kafin takardar ta ƙare, abin da ta kulle ya zama tarihi.

Ga wani misali da ya shafi ainihin maganar isar saƙo lafiya. A ofis ko banki akwai na'urar da duk saƙonni ke bi ta cikinta su fita waje, ana ce mata rauta. In ta mutu kowa ya zauna. Dabarar ita ce a ajiye guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, in ta farko ta yi shiru ta biyu ta karɓi aikin ba tare da kowa ya sani ba, kamar liman da na'ibi. Cisco na da nata tsarin na yin haka mai suna HSRP kuma ta yi masa rajista. Da ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da na kowa da kowa mai suna VRRP a 1998, sai Cisco ta ce takardarta ta shafe shi. Masu manhajar OpenBSD, waɗanda kyauta suke raba aikinsu, suka ga ba za su iya ɗaukar wannan sharaɗin ba, dole suka zauna a 2003 suka ƙirƙiro wani daban mai suna CARP don kawai su kauce wa takardar.

Ka ga asarar? Matsalar an riga an warware ta. Masu basira sun ɓata lokaci suna sake haƙa rijiya kusa da rijiya, ba don ruwan ta farko ba shi da kyau ba, don an sa mata kwaɗo. Sakamakon kuma tsari uku na yin abu ɗaya, waɗanda ba sa jin yaren juna. Abin da aka ce an yi don ƙarfafa ƙirƙira ya ƙare da raba kan na'urori.

Abin dariyar ma, Cisco ɗin nan da kanta ta san daɗin buɗaɗɗiyar hanya. BGP, tsarin da manyan kamfanonin sadarwa ke gaya wa juna ta ina za a bi a kai saƙo, injiniyanta Kirk Lougheed da Yakov Rekhter na IBM ne suka zana shi a 1989, a kan takardar goge baki a wurin cin abinci, aka buga kowa ya ɗauka. Kuma ba abin da ya sayar wa Cisco da rauta kamar wannan buɗewar.

"An ce za su sa farashi na adalci"

Eh, a harkar wayar salula haka tsarin yake. Kamfanin da dabararsa ta shiga cikin ƙa'idar 3G ko 4G ko 5G yana alƙawarin zai ba kowa lasisi a farashi mai adalci ba nuna bambanci. A takarda abin gwanin sha'awa. Matsalar ita ce ba a faɗi nawa ne adalcin ba. Kamar ka hau mota a tasha direba ya ce "kar ka damu Alhaji, ba za mu yi faɗa ba," sai kun yi nisa cikin daji ya faɗi kuɗin.

Qualcomm, kamfanin Amurka mai kayan cikin wayar salula, ita ce ta fi shahara a nan. Ba ƙaramin aiki suka yi a kan CDMA, wata dabarar sadarwar salula, ba, wannan ba mai musu. Amma salon karɓar kuɗinsu, wanda ake lissafawa a kan farashin wayar gaba ɗaya ba a kan ɗan guntun da ke ɗauke da dabarar ba, ya jawo musu shari'a a ƙasashe da yawa. Hukumomin Chana sun ci su tarar kusan dala miliyan 975 a 2015, Koriya ta Kudu ma ta ci su tara a ƙarshen 2016, sun yi ta fafatawa da Apple har sai Afrilun 2019 suka sasanta. Don adalci, a Amurka hukumar da ta kai su ƙara ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2020. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, in Apple da kuɗinta sai ta yi shekara biyu a kotu kafin ta san nawa za ta biya, ƙaramin kamfani fa?

Waɗannan ma masu ƙera abu ne. Akwai waɗanda ba sa ƙera komai, takardu kawai suke tarawa su zauna a bakin hanya suna jira. Wani kamfani mai suna NTP, wanda ba shi da waya ko ɗaya a kasuwa, ya kai masu BlackBerry ƙara a kan tura wasiƙar imel ta iska, har ta kai ana fargabar kotu za ta rufe BlackBerry a duk Amurka. A watan Maris na 2006 suka biya dala miliyan 612.5 don a bar su su sha iska, alhali a lokacin ofishin rajistar Amurka da kansa yana sake duba takardun yana nuna shakku a kansu. Mu da muka san shingen kan hanya na masu sanda da ƙusa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

"Mu ina ruwanmu, rigimar Turawa ce"

Gaskiya ne takardar da aka bayar a Amurka ba ta da iko a Kano ko Maraɗi, kowace ƙasa da tata. Amma wayar da ke hannunka ba a Kano aka ƙera ta ba, kuma duk kuɗin lasisin da mai ƙerawa ya biya yana cikin farashin da ka biya a kanti. Ko kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, wayoyin da suka cika aljihun talakawanmu, Qualcomm ta kai shi ƙara a Indiya a 2024. Ba ka je kotun ba amma da kai aka yi shari'ar.

Sannan ka tuna 14 ga Maris ɗin 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Tiransifa ta tsaya, masu POS suka yi ta ba da haƙuri, Najeriya da Gana da Kwaddebuwa duk an ji a jika. Abin da ya sa ba a yi makonni cikin duhu gaba ɗaya ba shi ne kamfanoni sun iya karkatar da saƙonni ta wasu wayoyin da suka tsira, tun kafin jiragen gyara su iso. Sun iya ne domin duk yare ɗaya na'urorinsu ke ji, BGP da TCP/IP ɗin nan da ba mai karɓar ko kwabo a kansu. Da kowane kamfani da nasa kulallen tsarin, sai an zauna da lauyoyi kafin a karkata.

Wani abin kuma da mai jawabin bai gaya wa yaran ba: a ƙarƙashin dokar Najeriya ta 1970, ofishin rajista ba ya bincika ko dabararka sabuwa ce da gaske, takardu yake dubawa ko sun cika, in sun cika ya ba ka, in rigima ta taso kotu ce za ta tantance. Don haka mutum ya ɗaga satifiket a taro ya ce ga shaidar ƙirƙira, ba lallai ya nuna komai ba sai cewa ya cike fom ya biya kuɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi nasu ofishin na haɗin gwiwa ne, OAPI da ke Yawunde. Ko ina ne dai, ƙirga yawan takardu ba shi ne ƙirga yawan basira ba, kuma na ji tsoron yadda ake fara auna jami'o'i da malamai da wannan mudun.

Na san wani zai ce to ai layin da kake ja tsakanin mota da titi ba koyaushe yake fitowa sarai ba. Haka ne, na yarda. Dabarar CSIRO mota ce ranar da aka gano ta, ta zama titi ranar da aka sa ta cikin Wi-Fi. Shi ya sa nake ganin ranar shigar ita ce ranar yanke hukunci. Ƙungiyar W3C mai kula da ƙa'idojin yanar gizo ta taɓa shawarar barin a riƙa karɓar kuɗi a 2001, jama'a suka yi mata ca, a 2003 ta tsayar da cewa duk wanda ya zauna aka tsara ƙa'ida da shi to ya yafe kuɗin lasisi a kanta. Manyan kamfanoni ba su gudu ba, suna nan a ciki har yau. In wannan ya yi wa masu rediyo da salula tsauri saboda tsadar bincikensu, to aƙalla a faɗi farashi da lamba kafin a rufe ƙofa.

A hanyarmu ta komawa a Keke Napep ƙanin nawa ya ce, "Yaya, to ni ɗan abin da nake haɗawa fa?" Wata 'yar manhaja ce yake yi wa masu shago, in netwok ya ɗauke tana ajiye lissafin ciniki a waya, in ya dawo ta tura, kuma ba ta tura abu ɗaya sau biyu. Yana ta tunanin ina zai samo kuɗin lauya ya yi mata rajista kafin ya nuna wa kowa. Na tambaye shi shago nawa ke amfani da ita yanzu, ya ce biyu, ɗaya ma na abokinsa ne. Na ce ya bar maganar lauya tukuna, Litinin in Allah ya kai mu ya shirya mu shiga Kantin Kwari, akwai mutum uku da na sani da kullum kukansu littafin bashi da netwok.